William Arrol, Maƙerin da Ya Gina Gadar Forth

Da yawa daga cikinmu mun san tsohuwar gadar Makurɗi da ke kan kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932. Kamfanin Sir William Arrol ne ya gina ta. To, wane ne mai wannan suna?

An haifi Arrol a 1839 a ƙasar Sikotland ta Birtaniya, a gidan talakawa. Yana ɗan shekara 9 ya shiga aiki a masaƙar auduga, daga baya ya koyi ƙira. Da rana yana maƙera, da dare yana makarantar koyon aikin injuna. A hankali ya kafa ma'aikatarsa a birnin Gilasgo.

Ran 28 ga Disamba 1879, guguwa ta karya gadar kogin Tay a daidai lokacin da jirgin ƙasa ke bisanta. Ba wanda ya tsira. Bincike ya nuna akwai kuskure a tsarin gadar da sakaci a aikinta. Jama'a suka tsorata da dogayen gadoji, har aka soke wadda mai wancan tsarin zai yi a mashigin kogin Forth.

Sai injiniyoyi biyu, John Fowler da Benjamin Baker, suka kawo sabon tsari, aka danƙa wa Arrol ginin. Manyan ginshiƙai uku ne na ƙarfe, kowanne ya miƙa hannuwa gaba da baya, nauyin wannan hannu yana daidaita na wancan. Tsakanin hannu da hannu aka ɗora gajeriyar mahaɗa. Tsawon gadar ya kusa kilomita 2 da rabi, ta ci ƙarfe fiye da tan 50,000. Arrol da kansa ya ƙirƙiro injunan huda ƙarfe da na buga ƙusa domin aikin ya yi ƙwari. Amma ba a gama ba sai da ma'aikata fiye da 50 suka rasa rayukansu.

An buɗe gadar ran 4 ga Maris 1890, aka ba Arrol lambar girma ta Sir. Shi ne kuma ya gina sabuwar gadar Tay. Ya rasu a 1913. Har yau jirage na bin gadar Forth, kuma a 2015 UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya.

Ɗalibai, fasinjan da ke haye gada ba ya ganin ƙusar da ke riƙe da shi. Amana ya ba wanda ya buga ta. Wata rana mu ma za a ba mu irin wannan amana, a asibiti, ko a aji, ko a wurin gini. Mu saba da aiki mai inganci tun daga littafin darasinmu.