Mamman Nasir, Galadiman da ya zo Malumfashi daga kujerar shari'a

A 1947, shekarar da Mamman Nasir ya kammala Kwalejin Kaduna, wata shari'ar kisan kai ta girgiza Arewa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa bisa Malikiyya, amma kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Ke nan ran mutum ya dogara ne ga zauren da aka gurfanar da shi. Wannan tsaka mai wuya ita ce ta zama fagen aikin Mamman Nasir.

An haife shi a Katsina a 1929. Ya zama lauya a Landan a 1955, lokacin da lauyoyin Arewa ba su cika yatsun hannu ba, ya dawo ya kama aikin lauyan gwamnati.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samar da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗora alƙali da majistare a kan dokar laifuka guda. Rubuta doka abu ne mai sauƙi in an kwatanta da shigar da ita zukatan alƙalan da suka tashi da Risala da Muhtasar, waɗanda wasunsu ke ganin an rage wa Shari'a ƙarfi. Wannan nauyin ya tarar da Mamman Nasir a matsayin Ministan Shari'a na Jihar Arewa, muƙamin da ya riƙe har juyin mulkin 1966.

Ya hau Kotun Ƙoli a 1975. A 1978 aka ba shi shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba, ya riƙe ta har 1992. Shugabancin kwamitin miƙa mulki da ya karɓa a zamanin Abacha kuwa, shi ne ɓangaren tarihinsa da masu suka ba su yafe ba, tun da shirin ya ƙare ne da jam'iyyu biyar suna tsayar da mutum ɗaya.

A 1992 Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya naɗa shi Galadima, Hakimin Malumfashi. Mutumin da ya saba da manyan lauyoyi sai ga shi yana sulhunta rikicin iyakar gona da ɓarnar shanu a ƙasar auduga da masara, ba tare da ikon ɗaure kowa ba, domin tun ƙarshen shekarun 1960 aka raba sarakuna da kotuna.

Ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 2019. Rawanin Galadima ya koma kan wani alƙalin, Mai Shari'a Sadiq Abdullahi Mahuta, tsohon Babban Jojin Jihar Katsina.