Malam Aminu Kano: Marubucin Wasan Kwaikwayo da Siyasa ta Rufe Sunansa

Duk ma'aikacin da ke bi ta titin Aminu Kano a Wuse II ya san sunan a matsayin na ɗan siyasa. Kaɗan ne suka san cewa tun kafin ya hau dandalin taro, da alƙalamin wasan kwaikwayo ya fara faɗa da zalunci.

An haife shi a birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, a gidan malamai. Yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wajen 1938 zuwa 1939, ya rubuta wasanni da dama da Hausa. Wanda ya fi shahara shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?, inda ya nuna yadda 'yan kasuwa marasa imani ke cutar mutanen ƙauye. A wani kuma, Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo nauyin harajin da ake ɗora wa talakan karkara.

Ba a banza ya zaɓi kasuwa ba. A can macuci ba ya zare ido. Da fara'a yake tarbar baƙo, ya shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi gida da iyali, sannan ya tauye masa mudu. Ladabin da ya kamata ya zama garkuwar baƙo shi ne igiyar da ake ɗaure shi da ita. Wannan fahimta ta bi Malam har ƙarshen rayuwarsa.

Ya koyar a Bauchi daga 1942, inda ya ƙulla abota da Sa'adu Zungur, ya yi karatu a Landan a 1946, sannan ya shugabanci kwalejin horar da malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aiki ya rungumi jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta a 1953. Abin da NEPU ta yaƙa ya yi kama da na wasanninsa: talaka ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa ga wanda ke tatsar guminsa. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya kuma riƙe ma'aikatun sadarwa da lafiya a gwamnatin Janar Gowon.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo masa daga cikin gida. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, amma kafin a je ko'ina ta dare biyu: 'yan Taɓo na tare da Malam, 'yan Santsi na bayan gwamnonin biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Shugabannin jam'iyya suka zargi gwamnonin da bijire wa umarni, su kuma suka zargi shugabannin da kusantar NPN. Kowane ɓangare na ganin shi aka ci wa amana, kowanne kuma na iƙirarin shi ne mai kishin talaka na gaskiya. A watan Yunin 1981 aka tsige Balarabe Musa.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe, bai bar wata dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Ga masu aiki a ofisoshin Abuja, inda rusunawa da “ranka ya daɗe” suka zama abincin yau da kullum, tambayar wasan nan na 1938 tana nan daram: mai gaisuwar, mudunsa cikakke ne? Allah Ya jiƙan Malam da rahama.