Sarauniya Mangu Ta Lugu, Macen Da Ta Tare Wa Faransa Hanya

Mutanen ƙasar Haɗejiya, tun daga Kafin Hausa har Auyo, ba su bukatar a ba su labarin yadda Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun Turawan Ingila cikin shekarar 1906. Amma shekara bakwai kafin wannan, can yammacin ƙasar Hausa, wata mace ta riga ta tari Turawan Faransa da kwari da baka. Sunanta Mangu, sarautarta Sarauniya, garinta kuwa Lugu, wani ƙauye kusa da Matankari a yankin Dogon Dutsi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu.

Sarauniyar Lugu ba matar sarki ba ce, ba kuma 'yarsa ba. Ita ce shugabar Azna na wannan yanki, watau Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, kuma masu ba da tarihin garin sun ce asalin gidan daga Daura yake. Ikonta na tsafi ne da tsaron ƙasa, ba na dakaru ba. Ko naɗinta ma dabam yake, domin in Sarauniya ta mutu, ɗaukar gawarta ake yi, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya. A kan wannan gado Mangu take lokacin da masifa ta ɓullo daga yamma.

A farkon shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara, ta nufi Tafkin Cadi, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine. Turawan cikinta 'yan kaɗan ne. Sauran sojoji baƙar fata ne da 'yan dako da mata, fiye da mutum dubu, ga kuma dabbobi. Ciyar da irin wannan taro a tsakiyar rani ba wasa ba ne, saboda haka duk garin da suka sauka sai su kwashe hatsi, su kama mutane, in an yi musu gardama su sa wuta. Labarinsu ya riga su isa ko'ina. Waɗansu sarakuna suka miƙa wuya, waɗansu suka watse.

Mangu ta ƙi. Ta tara mayaƙan Lugu da na maƙwabta, suka jira. Ranar 16 ga watan Afrilu, 1899, aka gwabza. Mutanenta ba su tsaya a fili suka zama abincin bindiga ba, sai suka shige sarƙaƙiyar da ke kusa da garin, inda doki ba ya ratsawa, suka riƙa sakin kibau masu dafi. Bisa lissafin Faransawan kansu, sai da suka harba harsashi wajen 7,000, aka kashe musu mutum 4, aka raunata 6. Ga rundunar da ta saba cin gari kafin rana ta take, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Gaskiyar magana dai ba Mangu ce ta ci yaƙin ba. An ƙone Lugu, an kashe mata jama'a da dama. Sai dai abin da Voulet ya fi so bai samu ba, domin ba ta shiga hannu ba, ba ta kuma yi mubaya'a ba. Da rundunar ta wuce, mutanen garin suka komo suka sake gini.

Daga Lugu Voulet ya zarce Birnin Ƙwanni, inda cikin watan Mayu ya yi kisan da har yau ba a manta ba. Ƙorafi ya kai Paris, aka turo Laftanan Kanar Klobb daga Tambutu ya karɓe rundunar. Ya bi sawunsu ta garuruwan da suka zama toka, ya cim musu a Ɗanƙori kusa da Tasawa ranar 14 ga Yuli. Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine, kashegari suka kashe Voulet. Kaburburansu na Maijirgi. Takardun Faransa sun kira abin tawayen soja, mutanen Lugu kuwa sun ce bakin Sarauniya ne ya kama su, wata uku cif bayan sun taɓa garinta.

Rahoton Turawan bai ba ta fiye da 'yan layuka ba, a ciki ma matsafiya suka ɗauke ta. Sunanta ya zauna a bakin mutanen yankin kawai, sai a shekarar 1980 da marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia. Littafin ƙage ne, ya ƙara mata abubuwa da yawa, har ya mai da ita jaruma mai ɗaukar makami da kanta, kuma wannan siffa ce ta bazu. A kansa Med Hondo na Muritaniya ya shirya fim a 1986, wanda ya ci babbar lambar bikin finafinan Afirka a Wagadugu cikin 1987. Sarautar da Mangu ta riƙe kuwa ba ta yanke da mutuwarta ba, mutanen Lugu sun ci gaba da naɗa magadanta bisa tsohuwar al'adarsu.