Jesse Owens: Gwarzon da Jami'arsa Ta Hana Ɗakin Kwana

An haifi Jesse Owens a jihar Alabama ta Amurka a 1913. Jami'ar Jihar Ohio, wadda ke alfahari da shi a yau, ba ta ba shi tallafin karatu ba, kuma ba ta bari ya kwana a ɗakunan ɗalibai ba saboda baƙar fata ne. Duk da haka, a hannun kociyansa Larry Snyder, ya kafa sabon tarihin duniya a wasanni uku cikin minti 45 ranar 25 ga Mayu, 1935. Da shekara ta zagayo, ya lashe lambobin zinare huɗu a gasar Olamfik ta Berlin, a zamanin mulkin Hitler. Bayan ya koma gida, neman abin sawa a baka ya kai shi ga yin tsere da dawakai. Ya rasu a 1980.