TINUBU: MATAR DA AKA KORA DAGA IKKO, SUNANTA YA ƘI FITA

Duk ɗan Arewa da ya taɓa shiga tsibirin Ikko, ko don saro kaya a Balogun da Idumota, ko don sallar Juma'a a Babban Masallaci na titin Nnamdi Azikiwe, ya san Dandalin Tinubu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mai sunan mace ce, kuma ba 'yar garin ba ce. Baƙuwa ce kamar ni da kai, har ma korar ta aka yi daga garin.

Sunanta Efunroye Tinubu. An haife ta wajen shekarar 1810 a ƙasar Egba, ta tashi cikin gidan 'yan kasuwa. Mijinta na fari ya rasu ya bar ta da 'ya'ya maza biyu. Cikin 1833 ta auri Adele, Sarkin Ikko da aka tuɓe, wanda a lokacin yake zaman gudun hijira a Badagry. Ta bi shi can, kuma can 'ya'yan nata suka rasu. Daga nan sai ta duƙufa ga cinikin taba da gishiri da bayi.

Cikin 1835 Adele ya koma gadon sarauta, Tinubu ta shigo Ikko a matsayin matar sarki. Bayan shekara biyu ya rasu. Ta tsaya tsayin daka aka naɗa ɗansa Oluwole, ita kuwa ta auri Yesufu Bada, wani Musulmi daga cikin manyan mayaƙan sabon sarki. Da Oluwole ya mutu cikin 1841, sanadin albarushi da ya kama da wuta, sai ta goyi bayan Akitoye. Cikin 1845 Kosoko ya ƙwace sarauta, ya kori Akitoye, Tinubu da mijinta suka sake komawa Badagry. Daga can ta yi ta kashe dukiyarta don ganin Akitoye ya dawo.

A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, Kosoko ya gudu, aka mai da Akitoye. Ran 1 ga Janairu, 1852, ya sa hannu a kan yarjejeniyar hana cinikin bayi. Tinubu ta dawo da ƙarfinta. Da Akitoye ya rasu cikin 1853, ɗansa Dosunmu ya gaje shi, sai ya zama sarki yana kan gado, amma maganarta ake ji a fada. Tana da dukiya, tana da filaye, tana da bayi masu ɗauke da makamai.

To, a nan ne ta yi karo da Turawa. Ta ƙi yarda 'yan kasuwarsu, da 'yantattun bayin da suka dawo daga Saliyo da Birazil, su mamaye cinikin garin. Wakilin Ingila a Ikko, Benjamin Campbell, ya ga cewa muddin tana nan aikinsa ba zai tafi ba. Ya matsa wa Dosunmu lamba, cikin 1856 aka fitar da ita zuwa Abeokuta. Bayan shekara biyar, cikin 1861, Dosunmu ya miƙa Ikko ga Ingila.

Korar ba ta karya ta ba. A Abeokuta ta ci gaba da cinikin manja da auduga, ta haɗa da bindigogi da albarushi. Cikin 1864 mayaƙan Dahome suka kawo wa garin hari, ta ba da makamai, aka kore su. Saboda haka Egbawa suka naɗa ta Iyalode, wato shugabar matan gari. A can ta rasu cikin 1887, ba ta bar ɗa na cikinta ba.

Sai dai akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Wani sashe na dukiyar Tinubu daga sayar da 'yan Adam ya fito, kuma Turawan zamanin sun tuhume ta da ci gaba da cinikin a ɓoye bayan an hana. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a cikin bayin da ake lodawa a jirgi daga Ikko da Badagry a wancan ƙarni akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, waɗanda yaƙe-yaƙe suka gangaro da su Kudu. Da yawansu a Bahia ta ƙasar Birazil suka ƙare, ba su sake ganin gida ba. Ba kuma ita kaɗai ce mai laifin ba, gama kafin bawa ya iso bakin teku ya bi ta hannun dillalai da yawa, har da namu na Arewa.

Dandalin kuwa, Yarbawa na kiran sa Ita Tinubu tun da daɗewa. Lokacin samun mulkin kai cikin 1960 aka sa masa suna Dandalin 'Yancin Kai, Kwarori 'yan Labanan mazauna Ikko suka gina masa maɓuɓɓugar ruwa kyauta. Amma sabon sunan bai kama bakin jama'a ba, tsohon ya dawo. Daga baya aka kafa mutum-mutuminta a wurin.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka bi ta Tinubu wata rana, ka ɗan dakata. Ka tuna da baƙuwar da ta naɗa sarakuna ta kuma ja da Turawa, ka kuma yi addu'a ga 'yan'uwanmu da aka bi da su ta wannan gari cikin mari, waɗanda babu wanda ya san sunayensu. Allah ya jiƙan su, mu kuma ya ba mu abin da muka fito nema ta hanyar halal, amin.