Fritz Haber, Bajamushen Da Ya Tatso Taki Daga Iska

Jama'a, duk wanda a cikinmu ya taɓa sayen buhun yuriya ya aika gida da damina, to ya ci moriyar Fritz Haber, ko da bai taɓa jin sunansa ba. An haife shi a 1868 a Breslau, garin da a yau yake cikin ƙasar Folan. Iyayensa Yahudawa ne, uban yana sayar da kayan rini. Uwar ta rasu bai cika wata ɗaya a duniya ba.

Ga abin da ya dami masana a zamaninsa. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, abincin da shuka ke matuƙar buƙata, amma ba ta iya ɗibarsa daga iska, domin ƙwayoyinsa biyu-biyu suke, manne da juna gam. A 1909, a garin Karlsruhe, Haber ya raba su da ƙarfin tsiya. Ya gasa iskar da zafin da ya kai digiri 500, ya matse ta kusan ninki 200, ya haɗa ta da haidurojin, sai ga amoniya tana ɗiga. Ita ce uwar takin zamani. Kamfanin BASF ya karɓi aikin, Carl Bosch ya gina masana'anta a Oppau a 1913, Alwin Mittasch kuma ya gano cewa ƙarfe ya isa ya ingiza haɗin cikin araha.

To, abin mamakin shi ne, wake da gyaɗa sun riga shi. Ku tuge wake ku duba saiwar, za ku ga 'yan ƙuraje. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya masu wani sinadari, naitirojinas, wanda ke yin wannan aiki cikin sanyin ƙasa, ba wuta ba matsi. A tsakiyarsa akwai wani ɗan dunƙule: ƙwayar ƙarfe 7, ta farar wuta 9, da molibdinam 1. Kun ga nan ma ƙarfen ne. Haber bai ga wannan ba, don sai a 1992 aka gano siffar dunƙulen, a 2011 kuma aka tabbatar akwai ƙwayar kabon guda a cibiyarsa. Manomanmu da ke shuka wake a tsakanin gero ai da shi suke aiki tun kaka da kakanni.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, amoniyarsa ta zama kayan harhaɗa albarushin Jamus. Bai tsaya nan ba. Ranar 22 ga Afrilu 1915, shi ya jagoranci sakin iskar guba ta kulorin kan sojoji a Ypres, ƙasar Beljiyam. Kwana goma bayan haka matarsa Clara, ita ma dakta ce a kimiyyar sinadarai, ta harbe kanta da bindigarsa. Bai zauna makoki ba, ya wuce fagen daga na gabas. A ganinmu, babu yawan buhunan takin da zai wanke wannan. Duk da haka shi aka ba kyautar Nobel ta 1918.

Ya bar addinin iyayensa tun yana saurayi, ya bauta wa Jamus iyakar ƙarfinsa, amma da Hitila ya hau mulki a 1933 asalinsa aka duba. Aka ce ya kori Yahudawan da ke aiki a cibiyar bincikensa ta Balin, daga bisani ya ajiye aiki, ya tafi Ingila. Ciwon zuciya ya kashe shi a wani otal a Basel, ƙasar Suwizalan, ranar 29 ga Janairu 1934, yana da shekara 65.