Nevill Smyth: Baturen da ya sami lambar jarumta a Karari

Masu karatu, mutumin da za mu duba rayuwarsa a yau shi ne Nevill Smyth, sojan Ingila da aka haifa a Landan cikin 1868. Sunansa baƙo ne a nan Sinja, amma aikin da ya yi a gaɓar Nil Azrak ba baƙo ba ne.

Ran 2 ga Satumba, 1898, rundunar Kitchener ta gwabza da Ansar a Karari, kusa da Ummudurman. A ranar wani mayaƙin Ansar ya kutsa da mashi cikin masu yi wa rundunar hidima. Smyth, yana kyaftin a lokacin, ya sukwano a kan doki ya tare shi. Mashin ya soke shi a hannu, shi kuma ya kashe mutumin. Kan haka aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a sojan Birtaniya. Mutum huɗu suka same ta a wannan yaƙi. Ba mu musun cewa ya nuna ƙarfin hali. Sai dai a wunin nan Ansar kimanin 10,000 suka kwanta dama, ɓangaren Kitchener kuwa bai rasa ko 50 ba, kuma wanda ya tunkari bindigogi da mashi shi kaɗai ba a ba shi komai ba.

A watan Agusta 1899 aka tura Smyth da sojoji ƙauyen Shukkaba, kudu da Wad Madani, bisa zargin ana shirin tawaye. Aka kama Khalifa Muhammad Sharif da 'ya'yan Mahadi biyu, Fadil da Bushra, aka yi musu shari'ar soja ta gaggawa, aka harbe su. Ƙanensu Abdurrahman, yaro ɗan shekara 14, ya tsira da rauni. Shi ne daga baya ya zama jagoran Ansar, uban gidan jam'iyyar Umma. Wajen shekara bakwai bayan haka Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya sauka da jama'arsa a gaɓar wannan kogi.

Smyth ya jagoranci sojojin Ostareliya a Gallipoli cikin 1915, ya kai muƙamin manjo janar. A 1925 ya koma Ostareliya da iyalinsa ya kama noma da kiwo, can ya mutu a 1941.